Mai Juya Cokali Ba Ya Mutuwa

Jiya a kasuwar Maigatari na ga 'yan siyasa biyu a rumfar mai shayi, suna juya cokali suna ƙyalƙyala dariya, alhali yaransu ne suka sassari juna har ɗan maƙwabcina ya rasa hannu. Tir! Nan take Kawu ya faɗo mini a rai.

Direban babbar mota ne, ya dawo daga Libiya da kaset-kaset na finafinan Italiya, na 'yan sanda da 'yan siyasa, ko da yake ba ya jin yaren. Bayan la'asar yakan tayar da janareto a ƙofar zaurensa a Gumel, warin fetur ya cika ko'ina. Mu yara, harbi da tseren motoci muke jira. Shi kuwa da an fara ɓarin wuta sai ya danna ya wuce. In aka nuno masu kwat sun rufe ƙofa suna ƙus-ƙus, sai ya gyara zama.

Wata rana na ce, "Haba Kawu, ka tsallake daɗin, ka bar mu da surutun da ba ma ji!"

Ya tsartar da yawun goro. "Sakarai. Mai bindiga ɗan aike ne, kafin a tashi zai mutu. Dubi wancan mai juya cokali a kofi. Shi ba ya mutuwa."

Lokacin dariya na yi. Jiya kuwa na gane maganarsa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa. Masu juya cokali kuma, Allah Ya isa.