Wa Zai Fara Shiga Gidana Bana, Khoat?

Tun shekarar Biri, don mu da sunan dabbobi muke kiran shekaru, nake cewa a toshe giɓin nan na shingen da ya raba gidana da na Khoat. Na faɗa masa, na faɗa wa matarsa, na tashi a taron unguwa na faɗa, ana ta dariya ana cewa tsoho Lam ya fara. Ba wanda ya sari gora ɗaya ya kafa. To ga shi mai shingen ya tafi, giɓin kuwa yana nan a buɗe, ina kallonsa daga inda nake zaune.

Maƙwabcina Dinh Van Khoat ya rasu ranar Talata, tara ga watan sha biyu na wannan shekara ta Maciji, da hantsi, a gidansa da ke bakin kogin Ngo Dong, bayan ciwon hanta ya kwantar da shi tun girbin shinkafa. Ya bar matarsa Mui da ɗansa Kien. Ni Vu Dinh Lam ban yi makaranta ba. 'Yata Tham ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana ko ɗaya.

Khoat, ƙanena ne kai a shekaru, nesa ba kusa ba. Ban san wa ya ba ka izinin riga ni tafiya ba.

Na san ka tun kana yaro mai majina, kana bin kwale-kwalena a bakin ruwa. Ni na koya maka tuƙi da ƙafa, ka jingina baya kana murza filafilai da tafin sawu, hannunka na riƙe da lema. Ka zo ka fi ni, wannan ba zan hana ka ba. Da baƙi masu zuwa hutu suka fara cika kogin, kowa so yake ya shiga naka, don kana ratsawa da su ta ƙarƙashin duwatsu kana yi musu waƙa da muryarka mai kama da ta agwagwa. Daga nan ka gyara ɗakunan bayan gidanka ka fara saukar da su. Na ce maka gida ba tasha ba ne. Ka ce, "Yaya Lam, mutum ya baro ƙasarsa don ya ga yadda muke cin abinci, ai sai a ba shi kwano." Ka koya musu riƙe tsinken cin abinci, ka kai su kasuwa da safe, ka sa su cikin taɓo suna dasa shinkafa suna ihu saboda matsattsaku. Wani ya yi zazzaɓi a gidanka, Mui ta yi ta dama masa kunun shinkafa da citta har ya tashi. Wata ta yar da takardun tafiyarta a kogi, ka wuni kana nutso. Duk an faɗi waɗannan a wurin jana'iza, gaskiya ne kuma. Amma ba a faɗi nawa ba.

Kowa ya san wanda ya fara sa ƙafa a gida safiyar Tet, ranar farko ta sabuwar shekararmu, shi ke shigo da shekarar gaba ɗaya a bayansa. Tun ina saurayi mai duba ya ce shekarar haihuwata ta Damisa da taka ta Kare sun dace, saboda haka kai ne mai fara shigo mini. A safiyar sabuwar shekarar Biri matata Nhan ta kunna turare a teburin kakanni, ta jera ƙunshin shinkafar Tet, reshen furen nan ja-ja yana cikin tulu, muna jiranka. Sai muka ji motsi ta bayan gida. Wata baƙuwarka ce, doguwar yarinya mai jan gashi, ta biyo kyanwarmu ta giɓin shinge. Fararen kaya ne a jikinta daga wuya har ƙasa, kamar mai zuwa binne gawa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakina, ta haɗa hannuwa, ta yi mana gaisuwar sabuwar shekara da kai ka koya mata, tana murmushi.

Ni na ja da baya. Nhan kuwa tashi ta yi ta zuba mata shayi, ta miƙa mata alewar citta. Na ce, "Me kike yi haka?" Ta ce, "Ta riga ta shigo, tsoho. So kake ta fita da kuka kuma?"

Ka shigo a guje bayanta, riga a hannu, ka makara. Da yamma ka zo ka gaya mini sauran, don ba ka iya ɓoye abu: mahaifin yarinyar bai daɗe da rasuwa ba, ta zo hutu ne don ta rage baƙin ciki. Mai makoki, cikin fararen kaya, ita ta buɗe mini shekara.

Kaji suka fara mutuwa kafin watan ya ƙare. Kwale-kwalena ya tsage a kan dutsen da na san wurinsa tun ina yaro. A wata na uku Nhan ta fara tari. Likitan birni ya ce abin ya daɗe a huhunta, tun kafin wata baƙuwa ta sayi tikitin jirgi. Shi ya yi karatu, ni ban yi ba, amma ni na ga abin da ya shigo ɗakina. A wata na bakwai muka binne ta.

Kai ka riƙa ɗaukarta a babur zuwa asibiti, ka ɗaura ta a bayanka da zane don kada ta faɗi. Kai ka zaɓo itacen akwatinta. Ban yi maka magana ba har aka share makoki, kai kuwa kullum da yamma sai ka ratso ta giɓin nan da ƙanzon shinkafa da romon akuya, ka ajiye a bakin ƙofa, ka ce da ƙarfi, "Na kawo wa kyanwa abinci, kada wani tsohon kunkuru ya taɓa." Ina ci. Yunwa ce, ba yafewa ba.

Na toshe giɓin da ƙaya, ka kwashe. Na sake toshewa, ka sake kwashewa, ka ce shingen a filinka yake. Na ce, "Don me, Khoat? Bai ishe ka ba?" Ka ce, "In na toshe, ta ina zan ji ranar da ka faɗi?" Da damina ta zo santsi ya kwashe ni a bakin randa, ƙuguna ya goce, Tham tana birni a lokacin, kai ka ji nishina ka zo ka ɗauke ni. Kana ɗauke da ni kana cewa, "Ka gani ko?" Ban gani ba. Wannan ba amsa ba ce, sa'a ce.

Amma ga abin da zan tsaya a gaban kowa in shaida. Tun daga waccan shekara ba a sake yin safiyar Tet da wani ya riga ka ba. Tun gari bai gama wayewa ba kake fito da 'yar kujerarka ta roba ka dasa a bakin giɓin, cikin shuɗiyar rigarka ta biki, cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, kana gadi. Sai ka ga hayaƙin turarena ya tashi, ka kira Mui ta karɓe ka a kujerar, ka zagayo ta ƙofar gaba kana kiran, "Masu gida, ga shekara na kawo, mai ƙiba ce!" Wata shekara wani ƙaton baƙo ya fito gudun motsa jiki da sassafe ya nufi ƙofata zai ɗauki hoto, ka rungume shi ta baya, kai da ba ka kai kafaɗarsa ba, ka ja shi kicin ka sa shi yankan albasa. Wata shekara zazzaɓi ya kayar da kai, ka shigo kana dafe da kafaɗar Mui, amma ka tabbatar ƙafarka ta riga tata. A duk shekarun nan ko kaza ban rasa ba. Tham ta yi aure, ƙuguna ya warke. Wanda ya ce wannan ba komai ba ne ya zo ya faɗa mini a fuska.

Yanzu ga inda ka bar ni. Tham tana gidana, mijinta yana aiki a jirgin ruwa, sai damina zai dawo. Ciki gare ta, ba ta taɓa haihuwa ba, ɓari biyu ta yi, a wata na uku ake sa ran haihuwa. Rubuta, Tham, ba na son kuka a kan takarda. Wata na uku, watan da uwarta ta fara tari.

Na bi ƙauyen nan a raina gida gida. Waɗanda shekarunsu suka dace da tawa, wasu suna ƙarƙashin ƙasa, wasu ba ma gaisawa, kuma ba ni na fara ba. Kien yana da farin ƙyallen makoki a goshi, ba zai shiga gidan kowa ba bana. Wasu sun ce mai gida ya fita ya dawo, ya buɗe wa kansa shekara. Ni da na binne mata? Mai ciki kuwa ba ta yi. In kulle ƙofa in zauna? Wani dai zai ƙwanƙwasa, kuma wanda ya fara shi ne.

Shekaranjiya na kira Kien ta kan shinge. Na ce ya rufe ɗakunan baƙi bana, ko don ubansa. Ya ce, "Baffa, ɗakuna sun cika tun kafin Baba ya kwanta. Mutane sun taso daga nesa don su ga Tet na ƙauye, ba zan kore su ba, shi ma ba zai kore su ba." Na ce to wa zai tsare su? Ya ce zai rubuta allo ya rataya. Allo! Na ce, "Kyanwata ta iya karatu ne, ko wanda ke bin ta?" Ya ce, "Baffa, kai ma ka san haihuwa asibiti ake yi, ba a bakin ƙofa ba." Ɗanka ne, Khoat, bakinsa naka ne, amma ba shi da kujerar roba.

Duk wannan ma ba shi ya hana ni barci ba. Ka tuna zuwana na ƙarshe, kana kwance, idanunka sun yi rawaya, ba ka iya haɗiye kunu? Na ce maka, cikin wasa, "Ragon banza, bana ka samu dalilin gudun aiki." Ka kama hannuna, ka ce, "Yaya, kada ka damu. Bana ma ni zan fara shiga." Mui tana wurin, ta ji.

Ban taɓa ganin ka saɓa alkawari ba. Wannan shi ne abin da ake yabonka da shi, shi ne kuma abin da ke tsorata ni. Tet zai zo kwanaki arba'in da tara da mamaci ke yi tare da mu ba su cika ba, kana nan kusa, ba ka haye wurin kakanni ba tukuna. In ka cika alkawari, mamaci ne zai buɗe shekara a gidan da mai ciki ke kwance. In ba ka cika ba, wani baƙo ne da ban san wa ya binne ba. Na sayo gora, ga ta can jingine da bango. Na ɗauki adda zan kafa, Mui ta fito ta ce, "Yaya Lam, ka bar masa hanyarsa har ya haye. Nan ya saba bi, kada ya ɓata." Na ajiye addar. Jiya da safe na tarar da kujerar robar a bakin giɓin, tana fuskantar ɗakina. Mui ta ce ita ta wanke ta shanya. Wataƙila. Amma rana ba ta kaiwa wurin, kowa ya sani.

Ka yi wa mutane alheri, waɗanda ka sani da waɗanda ba ka iya kiran sunansu ba. Mai Sama ya jiƙanka, Khoat. Buda ya haskaka maka hanya, ya sauƙaƙa maka hayewa. Kakanninka su karɓe ka, su zaunar da kai a wuri mai ɗumi. In ka ga Nhan ka ce mata har yanzu ina ajiye mata alewar citta a tebur. Ka tafi, ƙanena, ka tafi gaba ɗaya, na sauke maka alkawarin, in dai ana sauke wa mamaci abu.

Mui, ina miki ta'aziyya, kin rasa miji, kin kuma yi jinya yadda ya kamata, na gani da idona. Kien, ina maka ta'aziyya, Mai Sama ya ba ka haƙuri, ya ba ka rabin hankalin ubanka. Haka dangin Dinh duka, da abokan tuƙinsa na bakin kogi.

Amma ban gama ba. Na ce Tham ta kai wannan a karanta a ɗakin taron ƙauye, da ƙarfi, inda kuka saba yi mini dariya. A cikinku akwai mai lafiya, wanda bai yi rashi ba bana, wanda shekararsa ta dace da tawa. Ba na neman ya so ni. Ƙafarsa nake nema, safiya ɗaya, kafin baƙi su farka, kafin wanda ya yi alkawari ya riga shi. An fara wanke ganyen ƙunshin shinkafa a kowane gida, lokaci ya ƙure. Tun shekarar Biri nake magana ba wanda ya ba ni amsa. Wa zai fara shiga gidana bana? Ina nan zaune a bakin ƙofa. Wani ya zo ya faɗa mini sunansa.