Kayan da Maigidana Ke Saukewa a Daji

Ku matso kusa, don maganar nan ba na son ta tsallaka katanga.

Ni mace ce mai zaman gida. In ba coci ranar Lahadi ba, ko kasuwa in gishiri ya ƙare, ba a ganin ƙafata a titin Daura. Makaranta aji uku na yi, amma kunne Allah ya ba ni, ko raɗa aka yi a zaure ina madafa sai na tsinta. Maigidana tela ne, kuma dattijo a 'yar majami'armu. Shekarar da aka ba shi jagorancin matasa sai ya tsiro da wani abu, duk Asabar ɗin ƙarshen wata ya kwashe su su nufi daji, wai addu'a. Na ce addu'ar da ba ta yiwuwa a ƙarƙashin rufin kwano sai an shiga ƙaya?

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jarkoki. Wani Ibo ɗan cocinmu mai sayar da kayan babur shi ke kawo motarsa a loda jarkoki huɗu a baya. A ƙasarmu kowa ya san abin da jarka ke zuwa yi wajen Mai'adua, bakin iyaka: fetur ake tsallakarwa. Rannan kuma ina tankaɗe na ji maigidan yana ce masa, "Kowa ya ɗauki kayansa da kansa. Sai mun kai sama za a sauke, kuma abin da aka sauke can ba ya dawowa gari."

Kaya! Rariyar ta kusa suɓuce mini. Da Ibon ya tafi na ce, "Baban yara, wane irin kaya kuke saukewa?"

Ya ce, "Ba nawa ba ne balle in faɗa miki."

Sai na je na raɗa wa matar Fasto, wai ta taya ni addu'a. Kafin mako biyu dattawa sun sa ranar zama a kansa. In ta tabbata fasa-ƙwauri yake da 'ya'yan mutane, za su karɓe matasan, kuma sunansa ya gama lalacewa. Bai san daga inda maganar ta fito ba, ni ma na yi shiru.

Asabar ɗin da ta rage kafin zaman na ɗaura zani na ce zan bi su. Ibon ya bushe da dariya. "Madam, kai za ka hau dutse? Sai mun kawo igiya!" Na ce, "Oga, ka fara gyara Hausarka tukuna." A mota ina ta shinshinar jarkoki, ban ji fetur ba, amma na ce mai wayo ai ya san yadda zai toshe baki. Ban ma lura hanyar garin Dutsi muka kama ba, ba ta iyaka ba.

Mun bar motar bakin wata gona muka taka cikin sabara har gindin wani fa, wato ƙaton dutse. Nan maigidan ya ce kowa ya ɗauki kayansa. Na baza ido. Sai na ga kowa ya sunkuya ya zaɓi dutse, na wani kamar ƙwai, na wata kamar tulu. Na ɗauki ɗan mitsitsi, ina jiran a fito da na gaskiyar.

Da aka fara hawa bai shige gaba ba. Ya sa wata budurwa ta ja hanya, shi ya koma can baya inda nake haki. Na ce, "Shugaba a baya? Ko tsarona kake?" Ya ce wanda ke gaba ba ya ganin wanda ya faɗi, Ubangiji Yesu ma ragon da ya ɓata ya koma nema. Aka buɗe jarka, ruwa ne, ruwan rijiyarmu ma. Sai da kowa ya sha ya karɓi moɗa.

A sama aka zauna a da'ira. Mutum ya ajiye dutsensa ya faɗi abin da ke danne masa zuciya, a yi masa addu'a. Abin da na ji daga bakin yaran nan ba zan maimaita ba, ni da bakina bai iya riƙe komai ba. A nan na gane me ya sa yake hana ni amsa.

Shi ne na ƙarshe. Ya ajiye wani ƙaton dutse ya ce, "Nawa haushi ne. Wani ya kai sunana inda bai kamata ba. Ban san shi ba, ba na kuma neman sani. Na sauke." Yana faɗa yana kallon ƙasa. Ni nawa dutsen yana cikin tafin hannuna har ya jiƙe da gumi. Da aka zo kaina na ce ciwon gwiwa.

Washegari bayan sujadar coci na sami Fasto na faɗa masa komai, na ce kunnena ne ya ji daidai, kaina ya fassara a karkace. Aka fasa zaman, aka bar wa maigidana matasansa. Amma gida biyu sun janye 'ya'yansu, har yau ba su mayar ba, kuma wani dattijo in ya gan shi da jarka sai ya yi gyaran murya.

Shi maigidan ban taɓa faɗa masa ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Sai dai tun daga ranar, in zai yi magana da baƙo a zaure, sai ya ɗaga murya ya ce, "Maman yara, kina ji ko in ƙara?" Yana faɗa yana murmushi, ni kuma ina leƙen fuskarsa ina neman abin da ke ƙarƙashi. Ku da kuka ji duka, ya san ni ce, ko tsokana ce kawai?