Gwiwar Hannun Yaya

A tseren keke ba a magana, numfashin ma da ƙyar yake isar mutum. Wanda ke gaba shi ke fama da bugun iska, na bayansa ya laɓe yana hutawa. In na gaban ya gaji sai ya ɗan motsa gwiwar hannunsa, ma'ana zo ka karɓe ni. Yayana ya koya mini haka a kan titin Gummi zuwa Anka, zamanin da muke yi wa jiha tsere, shi gwani, ni ɗan rakiya. Ya koya mini, amma ban taɓa ganin tasa gwiwar ta motsa ba. Mutumin nan taurin kai ne da shi kamar jakin Gwashi.

Da ƙafa ta fara nauyi ya jingine keke, ya shiga harkar shinkafa. Kafin ka ce kwabo ya zama shugaban kamfanin casa a Gummi, ga mota, ga tumbi. Ni ya ɗauke ni mai kula da sito, na ci gaba da laɓewa a bayansa kamar dā. Ina tsokanarsa cewa yanzu ko ya hau keke, keken ne zai nemi a karɓe shi.

Sai hanya ta lalace. Manoman Bukkuyum suka bar gonaki saboda 'yan bindiga, injin ya koma yini shiru, ma'aikata kuma duk shi suke kallo. Likita ya ce hawan jininsa ya yi yawa, in bai rage aiki ba zai faɗi. Na ji tsoro ƙwarai.

"Yaya, ka bar min ofis ko na wata guda, ka huta."

"Mi as same ni? Lahiyata lau."

Inna ma ta yi faɗa har ta gaji. "Wanga yaro ba shi jin magana," ta ce, alhali yaron furfura ta cika masa gemu.

Da damina Inna ta rasu. Wajen ɗaukar makara ana karɓeɓeniya, kowa ya ɗan taɓa ya samu lada. Yaya ya kama gaban dama ya ƙi saki. Mutane suna miƙo hannu yana yi kamar bai gani ba. Ina bayansa, dab da shi, inda na saba.

Mun kusa maƙabarta na ga gwiwar hannunsa ta motsa. Sau ɗaya, kaɗan. Ba wanda ya lura sai ni. Na sa kafaɗa na karɓa, na wuce gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Da na waiwaya yana zaune a ƙasa, bakinsa ya karkace.

Yanzu ni ke zuwa ofis. Da yamma nakan zauna kusa da shi in matsa masa hannun nan na dama. Tun ranar hannun bai sake motsi ba.