Shekarar da Allura ta Rikita Mini Azumi

Shekarun baya, azumi ya faɗo mana a tsakiyar bazara. Zafin Yendi na shekarar nan har tsofaffi sun koka da shi. Rijiyoyi sun ja baya, ni kuma ina goyon ɗana na biyar, jikina duk a mace.

Haihuwarsa ta ba ni wuya ƙwarai, shi ya sa ni da maigidana muka shirya na karɓi allurar hutun haihuwa, ta wata uku. Ba mu gaya wa kowa ba. Gidanmu gidan malamai ne, surukata ce ma ke karantar da matan unguwa.

Ranar da aka ɗauki azumi na fara ganin jini. Ɗan ɗigo ne, yau ya zo, gobe ya ɗauke. Na ce al'ada ce, na ajiye salla. Kwana goma, sha biyar, abu ya ƙi ƙarewa. Ina dama kokon buɗe-baki, ina ɓuya a ɗaki ina shan ruwa kamar ɓarauniya, uwar 'ya'ya biyar guda. Tambaya kuwa na kasa, don in na tambaya zancen allura zai fito.

Ran sha takwas ga azumi na koma asibitin da aka yi mini allurar. Nas ɗin ta zana mini abin a bayan katina, da ta ga ina ɗan haɗa baƙi daga makarantar manya. Ta ce allurar kwaikwayon wani sinadari ce da jikin mace ke yi da kansa. In jiki ya ji shi da yawa sai ya rage nasa, ƙwai ya daina fita, shimfiɗar mahaifa ta sirance, ita ce ke ɗiga. Ba ciwo ba ne. Maganar salla kuwa, ta ce ba fanninta ba ne.

Bayan la'asar na durƙusa gaban surukata na faɗa mata komai. Ta daɗe tana jan carbi. Ta tambayi kwanakin da na saba, na ce shida. Ta ce in ƙara uku, abin da ya wuce nan ba haila ba ce, salla da azumi suna kaina.

"Allura tsakaninki da mijinki ce, 'yata. Abin da ya dame ni, kwana tara ba ki sa goshi a ƙasa ba, don kina jin kunyata."

Na rama sallolin, na rama azumin, amma kwanakin Ramadan ɗin nan sun tafi ke nan, kuma rashin yin tambaya ɗaya ne ya raba ni da su.

Washegarin ranar da muka yi maganar, kafin kiran asuba na yi wanka, na ɗaura niyya, na shimfiɗa tabarmata kusa da ta surukata.