Gawar Baba Tana Jiran Darakta

Shekarun baya, ba a daɗe da ba mu jiha ba, mahaifinmu ya rasu a Bungudu bayan sallar asuba. Tsohon nan ya sha gaya mana, in ya mutu kada a bar shi ya wuni a gida. Kafin hantsi an yi masa wanka, an sa likkafani, kabari ma an gama haƙawa.

Sai ga yayana daga Gusau, ma'aikacin gwamnati ne, ya taho da wani mai kyamarar bidiyo daga Sabon Gari. Yaya ya ce a dakata, daraktansu yana hanya daga Tsafe, da shi za a yi sallah.

Na ce, "Yaya, daraktan nan ya san Baba?"

Ya ce, "Kai ba ka san aikin gwamnati ba. In ya zo ya tarar an rufe, da wane ido zan dube shi a ofis?"

To, ni aji huɗu na tsaya a firamare. Na koma zaure na zauna.

Bazara ce kuwa. Baba na kwance a makara cikin zaure, rana sai hawa take. Mai bidiyo yana bin mutane yana cewa, "Malam, ɗan sunkuyar da kai." Wallahi har wani maƙwabcinmu ya koma gida ya sauya babbar riga.

Wajen azahar Inna ta aiko a kira ni. Ko kuka ba ta yi. Ta ce, "Mi kuka jira? So kuke mijina ya lalace a zaure?"

Na fito na kama makara, na ce, "Liman, bismillah." Yaya ya riƙe mini riga, na fizge. Masu haƙar kabari uku suka kama mini. Aka yi sallah, Yaya yana sahun ƙarshe yana waiwayen titi.

Darakta sai bayan la'asar ya iso. Minti biyar ya yi a tabarma, ya shafa fatiha, ya tambaye ni sunan mamacin. Yayana ya shekara biyu ba ya amsa gaisuwata.

Mun shirya tuni. Amma yanzu in na je jana'iza na ga ana ɗaga waya ana ɗaukar hoto, raina sai ya ɓaci. Ba ma yayana nake jin haushi ba. Kaina nake jin haushi, ƙato da ni, na zauna awa huɗu ina kallon ubana yana jiran mutumin da bai san sunansa ba.