Matar da ke ƙirga waɗanda suka ɓuya

Kowace Litinin da ƙarfe bakwai na safe, kafin mai ban ruwan fili ya warware tiyo, Doña Ermelinda Techera ta riga ta sauka daga bas a ƙofar kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa da ke gefen garin Paysandú, fulas ɗin ruwan zafi a hammata, ƙoƙon shayin ganye da muke kira mate a hannu. Ɗakinta wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar 'yan kallo. Nan za ta kunna faifan wasan Lahadi, ta fere fensir, ta buɗe littafi. Duk sanda ƙwallo ta bar ƙafar ɗan wasanmu ta koma ta abokan karawa, sai ta tsayar da hoton ta rubuta minti nawa ne, a wane ɓangaren fili ne, da abin da ya biyo baya. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, ga shi ƙarshen watan nan za ta ajiye fensir. Ku da kuke cika wurin da ihu, mutum nawa ne a cikinku ya san fuskarta?

Ƙirga asarar ƙwallo dai kowa ma zai iya. Abin da ya raba ta da saura shi ne, idan ta tsayar da hoton, ba ta kallon wanda ƙwallo ta suɓuce wa. Tana duba kewayensa ne, taku goma sha biyar kowane gefe, ta ga wa ya fito fili yana neman a ba shi, wa kuma ya laɓe a bayan ɗan hamayya kamar mai fakewa daga ruwan sama. Wannan na biyun yana da nasa layi a littafinta. Yaran suna kiransa layin kunya, kuma sun fi tsoronsa da jan kati.

Shekara shida da suka wuce kulob ya ɗauki wani kamfani mai ƙididdiga da na'ura. Aka fara manna takarda a bangon ɗakin sauya kaya, kowa da adadin ƙwallon da ya zubar. A ƙarshen kakar wasa sunan Hebert Lemos, ɗan wasan tsakiya da muke kira Dogo, shi ne a sama, goma sha tara a kowane wasa. Shekararsa talatin da ɗaya, gwiwa ta fara ƙara, yara uku a gida, ba wata sana'a a hannu sai ƙwallo. Magoya baya muka sa shi a baki, har da ni mai wannan rubutu, kuma ina jin kunyar hakan har yau. Shugabanni suka yanke shawara ba za a sabunta masa kwantiragi ba, ranar Juma'a za a gaya masa. A shekarunsa, in ya fita daga nan, ya fita daga ƙwallo ke nan.

Ranar Laraba Doña Ermelinda ta shiga ofishin koci Elbio Barboza ba tare da an kira ta ba, ta aje littattafai huɗu a kan teburinsa, ta ce maganar Dogo ce ta kawo ta. Likitan kulob yana wurin, shi ya ba mu labari. Koci ya ce mata da dariya, na'ura ta gama magana, ta je ta huta.

"Koci, na'urarka ta ga wanda ya faɗi ne. Ba ta ga wanda ya janye kujera ba."

Ta buɗe masa shafi bayan shafi. Cikin kowace asara ɗari ta Dogo, a sittin da ɗaya ya ɗaga kai bai ga ko mutum ɗaya ya buɗe masa ba. Tun da aka fara manna takardar nan, in ji ta, yara suka koyi wayo: in wuri ya yi zafi sai kowa ya ɓuya don lambarsa ta fita fes, a bar wa Dogo garwashin. Shi kuwa ko a tsakiyar mutum uku ne sai ya ce a ba shi. Kuma yawancin asararsa can gaba ce, nesa da ragarmu. Cikin ɗari, huɗu kacal suka zama hari a kanmu.

Koci ya daina dariya. Ya tambaye ta wa ya fi kowa ɓuya. Likita ya ce sai ta juya littafin ta ɗora yatsa. Sunan Maicol ne, ɗan ƙanwarta, wanda ita ta riƙe shi yana jariri a coci ranar baftismarsa, ita ta saya masa takalmin ƙwallo na farko.

"Doña, kin san abin da zan yi da wannan?"

"Na sani. Ni ba zan goge ba, kai ma kada ka rufe ido."

Aka sabunta wa Dogo. Takardar bango aka cire ta. Maicol ya koma benci, bayan wata biyar ya tattara ya tafi wani kulob a kudu. Ƙanwarta ta daina kiranta cin gasasshen nama na ranar Lahadi, kuma har yau in sun haɗu gaisuwa ce ta fatar baki. Doña Ermelinda ba ta taɓa kai ƙarar wannan wurin kowa ba, amma wanda ya san ta ya san abin yana ci mata rai.

Ke ce mai ido a inda kowa ya kau da kai, Doña. Ke ce kika ƙi sayar da gaskiyar fensir ko don jininki. Ba ki taɓa zura ƙwallo ba, ba a taɓa rera sunanki ba, amma akwai gida guda a garin nan da bai watse ba saboda ke.

Dogo ya ƙara kaka uku, yanzu shi ke horar da matasanmu. Makon jiya, a ɗan taron sallama da aka yi mata, ya miƙe zai yi jawabi. Ya dube ta ya ce:

"Kowa ya ƙirga abin da na zubar. Ke kaɗai kika ƙirga sau nawa aka bar ni ni kaɗai."

Ta share ido da bayan hannu, ta ce ya zauna haka nan, kada ya ɗauka shi waliyyi ne, talatin da tara ɗin da suka rage cikin ɗarin nan laifinsa ne tsantsa.

Mun gode, Doña Ermelinda. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sassauta zuciyar ƙanwarki. Mu kuma da muka rage, a fili ko a wajen fili, in mun ga abu ya suɓuce wa wani, kafin mu buɗe baki mu fara duba inda muke tsaye lokacin da ya ɗaga kai yana neman mu.