Wa Ke Juya Eriyar Alhaji Bala?

Har gobe ban manta da ranar da bakina ya kusa kai mutumin kirki gaban dagaci ba. Lokacin ina shagon gyaran rediyo da talabijin a Gwarzo, ni ne mai fita aikin waje. Ana saura mako biyu babbar sallah, maigidanmu ya tura ni Kutama in ɗaura wa wani Alhaji Bala eriya.

Ga wanda bai san aikin ba, eriyar nan mai kama da ƙashin kifi ba ta kamo tasha sai hancinta ya kalli inda saƙon yake fitowa. A wajenmu gabas ne, Kano. Ta kauce kaɗan, sai hoto ya koma tsaki-tsaki. Na kafa dogon bututun ƙarfe a tsakar gida jikin katanga, na saita, hoto ya fito tas.

Washegari Alhaji ya kira, wai hoto ya ɓace tun la'asar. Na je da safe na gyara. Kwana biyu ya sake kira. Ni kuwa ba na son a raina mini aiki, sai na ja layi da alli a gindin bututun. Da na dawo, layin ya goce da yatsa uku.

Alhaji ya dube ni a karkace ya ce, “Malam Sabo, ko dai ku ne ke sassautawa don a riƙa kiran ku?”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Don in wanke kaina na ce, “Alhaji, ƙarfe ba ya juya kansa. Akwai hannun mutum.”

Ashe na jefa ashana a busasshiyar ciyawa. Bayan katangar nan gidan Malam Idi ne, wani manomi, kuma sun taɓa saɓani da Alhaji kan magudanar ruwa. Nan take Alhaji ya ce shi ne ke haurowa, gobe zai kai shi gaban dagaci. Kun san abin da ake nufi a ce magidanci yana haura katangar gidan da ke da matan aure. Gaskiya ni ma na zarge shi, don ko gaisuwar da ya yi mini a ƙofar gida sai na ji kamar da biyu ya yi ta.

Duk da haka na roƙi Alhaji ya bar ni in wuni. Aka yi mini iso, muka zauna a tsakar gida. Bayan la'asar sai ga Hajiya ta jawo ragon layyarta daga ƙofar gida inda yake wuni, ta ɗaure shi a bututuna, don nan inuwa take. Ta ajiye kwanon dusa can gefe. Rago ya miƙa wuya, igiya ta ɗame, eriya ta juya a hankali ta bar Kano, ta kalli garin Kabo.

Alhaji ya yi dariya har da hawaye. Ni ban iya ba. Na fita na sami Malam Idi, na faɗa masa komai, na nemi gafara.

Ya ce, “Tun da safe labari ya zo mini, ko masallaci na kasa fita. Na yafe. Amma da ragon nan bai ji yunwa ba fa?”

Ku da kuke aikin yanzu, mutane suna ɗaukar maganar mai gyara kamar hukuncin alƙali. Tun ranar, in ban gani da idona ba, “ban sani ba tukuna” nake cewa.